Amsar Tambaya: Idan Zaren Notin Juye Ya Cinye

Tambayar ta shafi babur ɗin da notinsa na juye, wato wanda ake kwancewa a ƙasan inji domin zubar da baƙin mai, ya daina kamawa, matsalar da masu haya tsakanin Tambuwal da Kebbe suka sani, tunda ƙura da doguwar tafiya kan sa su yawaita juye. Dalilin rashin kamawar shi ne notin na ƙarfe ne, gidan injin kuwa na alminiyam, wanda ya fi taushi, saboda haka idan aka matse fiye da kima, ko aka shigar da shi a karkace, zaren ramin ne yake cinyewa.

Gyaran da ya fi inganci shi ne a faɗaɗa ramin, a yanka sabon zare da tap, ƙarfen da ke tsaga zare, sannan a dasa Helicoil, wata murɗaɗɗiyar waya da ke mayar da ramin girmansa na asali. Inda ba a samu ba, ana iya komawa noti mai milimita 14 a madadin mai 12, muddin naman alminiyam ɗin yana da kauri. Wajibi ne makanike ya shafa giris a jikin tap domin ya kama ɓarɓashin ƙarfe, ya kuma wanke cikin injin da mai kafin rufewa. Naɗa leda ko zuba gam dabara ce mai haɗari, domin injin da mansa bai wuce kusan lita ɗaya ba yana iya bugawa a hanya idan notin ya faɗi. Bayan gyara, a sa sabuwar washa, a fara ɗaurawa da hannu kafin a ɗora sufana.