Inda Ɗalibi Zai Nemi Tarihin Musulunci

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu.

Bayan haka, yawancin gardamar da ke raba 'yan'uwa a kan tarihi daga jita-jita take tasowa. Maganinta komawa ga littattafan asali da sanin hanyar masu su.

Imam Ɗabari, wanda ya rasu a shekarar 310 ta Hijira, ya kawo labarai tare da isnadinsu, kuma ya faɗakar cewa abin da aka ba shi ya isar. Saboda haka samun labari a littafinsa bai isa hujja ba sai an binciki maruwaitansa. Ibn Khaldun kuwa, a Muƙaddimarsa ta 1377, ya ƙara da sharaɗin a auna labari da hankali da ɗabi'ar zaman jama'a.

Mai neman tarihin jihadin ƙasar Hausa ya fara da Infaƙul Maisuri na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Rubuce-rubucen hannu suna nan a Gidan Arewa da ke Kaduna, wanda aka kafa a 1970, da Ma'ajiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. A intanet, Maktaba Shamila ta tara dubban littattafan Larabci kyauta. Sai dai kuskuren bugu yana shiga, don haka a gwada da bugun takarda, a kuma kai wa malami abin da ya shige duhu.

Allah Ya sa mu dace, amin.