Kalmar "Ƙarfi" da Matsalar Koyar da Kimiyyar Motsi a Ƙasar Ƙaura Namoda

Gabatarwa

Tun shekarar 1983 da aka kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Ƙaura Namoda, yaran Banga da Shinkafi da Zurmi suka sami wurin neman ilimin injiniya kusa da gida. Darasin farko da ke tarar su a fannin fiziks shi ne na ƙarfi da motsi da makamashi. Ana koyar da shi da Ingilishi, amma ɗalibi da Hausa yake tunani. Manufar wannan maƙala ita ce a nuna inda harsunan biyu suke saɓawa, da yadda malami zai gyara.

Kalma ɗaya, ma'ana huɗu

Bahaushe yakan ce sa yana da ƙarfi, igiya tana da ƙarfi, an bugi ƙofa da ƙarfi, wutar lantarki ta zo da ƙarfi. Masana kimiyya kuwa kowanne daga cikin waɗannan sunansa daban, ma'auninsa daban. Ɗalibin da ya haɗa su a kalma ɗaya zai haɗa su a lissafi. Saboda haka muna ganin ya kyautu a keɓe kalmomi kamar haka: "ƙarfi" ya tsaya ga turi ko ja, ana auna shi da niyutan. "Aiki" shi ne ƙarfi sau nisan da ya gusar da abu, ana auna shi da jul. "Makamashi" shi ne abin da ake kashewa a yi aiki, shi ma da jul. "Saurin aiki" kuwa shi ne yawan aikin da aka yi a sakan ɗaya, ma'auninsa wat.

Misali daga bakin rijiya

A ɗauka guga cike da ruwa ya kai kilo 10, zurfin rijiya kuma mita 15. Ƙasa tana jan kowane kilo da ƙarfin niyutan 9.8, wato mai ja yana bukatar niyutan 98. Aikin da ya yi shi ne 98 sau 15, jul 1,470 ke nan. Idan dattijo ya jawo gugan cikin sakan 30, saurin aikinsa wat 49 ne. Idan saurayi ya jawo shi cikin sakan 15, nasa wat 98 ne. A bakin mutane sai a ce saurayin ya fi ƙarfi, alhali ƙarfin da suka sa ɗaya ne, aikin ma ɗaya ne, lokaci kaɗai ya bambanta.

Haka kuma ɗan dakon da ya tsaya cik da buhun gero a ka, a kasuwar Shinkafi, ya gaji ƙwarai, amma a ma'aunin kimiyya bai yi wa buhun aiki ba, domin buhun bai gusa ba.

Amalanke da jirgin ƙasa

A shekarar 1687 Isaac Newton na ƙasar Ingila ya bayyana cewa abin da ke tafiya ba zai tsaya ko ya karkata ba sai wani ƙarfi ya tare shi. Ɗalibi yakan haddace wannan ba tare da ya yarda ba, don kuwa ya sha ganin amalanke ta tsaya da zarar shanu sun daina ja. Abin da ba ya gani shi ne gogayyar taya da yashi, wadda ita ce ƙarfin da ya tsayar da ita. Layin dogo ya iso Ƙaura Namoda a 1929, yana kwasar gyaɗa da auduga, kuma sirrinsa shi ne ƙarancin gogayya tsakanin ƙarfe da ƙarfe: tarago idan aka tura shi yakan daɗe yana gangarawa shi kaɗai. Fasinjan da direba ya taka wa birki ya tafi gaba ya bugi kujera, ba tura shi aka yi ba. Mota ce ta tsaya, jikinsa ya ci gaba da tafiyar da yake yi.

Makamashi ba ya ɓata

Mai daka idan ta ɗaga taɓarya, ta ajiye makamashi a cikinta. Da ta sako ta, sai ajiyayyen makamashin ya koma na motsi, sa'an nan ya ƙare a fasa hatsi da ƙara da ɗan ɗumin da ake ji a cikin turmi. Ba abin da ya ɓata, kama ce ya sauya. Maharbi da ya ja tsirkiya, shi ma ajiya ya yi a jikin baka, kibiya ta karɓa.

Kammalawa

Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ba harshen uwa gurbi a farkon firamare, amma ɗalibin kwaleji bai rabu da harshensa ba don ya girma. Aiki ya rage ga malaman fiziks da masu nazarin Hausa su zauna tare su daidaita waɗannan kalmomi, malami kuma ya fara darasi da guga da taɓarya kafin ya hau allo. Wanda zai gina gada ko ya gyara injin ban-ruwa, idan bai bambance ƙarfi da saurin aiki ba, kuskurensa jama'a ne za su ɗauki asararsa.