Warwararren Misali da Ƙwaƙwalwar Sabon Ɗalibi

Warwararren misali shi ne tambayar da aka kawo tare da amsarta, aka nuna kowane mataki daki-daki. Ga ɗaya daga aljabara: 2x + 3 = 11. A ɗebe 3 daga kowane ɓangare, saura 2x = 8. A raba kowane ɓangare da 2, sai a sami x = 4. Kishiyar wannan hanya ita ce a miƙa wa ɗalibi tambaya tsurarta, a ce ya nemo mafita da kansa.

A 1985, John Sweller da Graham Cooper, masu bincike a Ostareliya, suka gwada hanyoyin biyu a kan ɗalibai masu koyon aljabara. Waɗanda suka yi nazarin warwararrun misalai sun fi saurin warware tambayoyi masu kama da su, kuskurensu kuma bai kai na sauran ba. A lura, masu kama aka ce. Da tambaya ta sauya fasali, fifikon bai fito ba.

Me ya jawo haka? Mu ɗauka ƙwaƙwalwa tana da faifai da rumbu. Rumbu shi ne ma'ajiyar dindindin, inda tsohon sani yake kwance. Faifai kuwa shi ne inda ake juya abin da ake tunani a kai yanzu, kuma ɗan ƙarami ne: George Miller ya ƙiyasta a 1956 cewa abu bakwai yake ɗauka ko kusa da haka, Nelson Cowan ya rage zuwa kamar huɗu a 2001. Sabon ɗalibi ba shi da komai a rumbu game da darasin. Yana riƙe da tambayar, da inda yake son kaiwa, da dabarar da zai gwada, da wadda ya gwada ta ƙi. Faifai ya cika da lalube. Yana ma iya dacewa da amsar, amma ka tambaye shi ta ina ya bi, ya yi shiru. Misali yana sauke masa nauyin laluben, sai hankalinsa ya koma kan dalilin kowane mataki.

Kwafe misali daga allo zuwa littafi dai ba nazari ba ne, ko da rubutun ya yi kyau. Sai ɗalibi ya faɗi da bakinsa abin da ya sa aka ɗebe 3 kafin a raba. Daga nan a ba shi tambaya mai kama, sannan misalin da aka bar matakinsa na ƙarshe a buɗe, sannan matakai biyu.

Ana janye matakan misali a hankali haka ne domin amfanin misali yana juyawa. Slava Kalyuga da abokan aikinsa sun bayyana a 2003 cewa bayanin da ke taimakon sabon shiga yakan zame wa wanda ya ƙware kaya. Malami zai gane lokacin janye misali ya yi in ya ga ɗalibi yana tsallake matakai, amsarsa kuma tana fita daidai.