Yadda aka mai da jirgin yaƙi mai tururi jirgin fatauci

A 1854 aka ƙera jirgin Punjaub a Bombay, da katakon tik na Malabar, domin rundunar ruwan Kamfanin Gabashin Indiya. Injin tururi ke juya wasu manyan ƙafafu biyu a haƙarƙarinsa. Ya yi jigilar sojoji da dawaki a yaƙin Kirimiya, ya kuma shiga yaƙin Farisa. A 1862 aka kai shi Ingila, inda attajirin Landan John Willis ya saye shi tare da wani jirgi irinsa mai suna Assaye.

Wajen mai da shi jirgin fatauci, aikin farko cire-cire ne. Ana fitar da inji da tukwanen tururi, a sauke bututun hayaƙi, a kwance ƙafafun nan da akwatunan da ke rufe su. Sai kafintoci su toshe kafofin da sandar juya ƙafafun ta bari. Nan ba a gaggawa, domin a tsakiyar jirgi kafofin suke, wurin da igiyar ruwa ta fi murɗawa.

Da an kwashe ƙarfen, jirgi ya yi sakayau, ya taso sama, iska kaɗan sai ta kifar da shi. Don haka ake zuba masa duwatsu ko ƙarafa a can ƙasa. Ɗakin inji da rumbun kwal kuwa sun zama ma'ajiyar kaya, kuma ribar ke nan: inda kwal ke cin kuɗi a da, yanzu haja ke biyan kuɗin dako.

Bayan haka a gyara jigajigan da ke riƙe filafilai. Dama jiragen tururin wancan zamani suna da su, ƙari ake yi.

Willis ya raɗa wa jirgin suna The Tweed, ya danƙa shi ga Kyaftin William Stuart. A ganina, sa'ar jirgin tana cikin ƙirar: siririn jikin da aka yi don inji shi ya dace da iska. Gudunsa ya burge Willis har ya sa aka duba ƙirar goshinsa kafin a zana jirgin Cutty Sark na 1869.

The Tweed ya taimaka wajen shimfiɗa wayar tangaraho a Tekun Fasha, ya kai baƙi New Zealand. A 1888 guguwa ta karya jigajigansa kusa da Algoa Bay a Afirka ta Kudu. Kuɗin gyara ya fi darajarsa, aka farfasa shi, aka yi rufin wani coci a Port Elizabeth da katakonsa.