Iyo da Hawan Jini

Zuciya ita ke tura jini cikin jijiyoyi. In mutum ya manyanta, jijiyoyinsa sukan yi tauri, sai jini ya riƙa bin su da ƙarfi. Wannan shi ne hawan jini. In an ƙyale shi, yakan jawo shanyewar ɓarin jiki.

Iyo yana taimakon dattawa wajen rage shi. Ruwa yakan ɗauke nauyin jiki, gwiwoyi su huta, zuciya ta ƙara ƙarfi, jijiyoyi kuwa su saki. Minti 30, sau 5 a mako, ya isa.

Amma lalle dattijo ya fara shawartar likita, kada kuwa ya bar shan maganinsa. Kada ya shiga ruwa shi kaɗai. Ya guji kududdufi, domin a nan ake ɗaukar tsargiya.