Darasi na 14: Motar Shiga Daji, Wace Giya Za a Zaɓa?

Jama'ar ƙauye sukan haɗa kuɗi su sayi mota ta kai amfanin gona kasuwa, ta kai maras lafiya asibiti. Hanyarmu kuwa ba kwalta ba ce. Da rani yashi, da damina taɓo. Don haka ake neman mota mai ja da ƙafa huɗu, irin su Land Rover, wadda aka fara ƙerawa a Ingila a 1948, ko Toyota Hilux ta Japan, wadda ta fito a 1968.

In kun je saye, dillali zai tambaye ku: mai giyar hannu kuke so, ko otomatik? Kada ku ce masa, "Duk wadda ka ga ta fi." Shi wadda ta daɗe a hannunsa ita ce ta fi.

Giya ita ce ke raba ƙarfin inji. Ƙaramar giya ƙarfi ne da ita, ba gudu. Babbar giya gudu ne da ita, ba ƙarfi. A mai giyar hannu direba ne ke canjawa. Abin takawa uku ne a gabansa: kuloci, da birki, da totur. Otomatik ita ke canja wa kanta giya, abin takawa kuma biyu ne kaɗai, ba kuloci.

A jikin sandar otomatik za ku ga baƙaƙe huɗu: P, R, N, D. Uku kun san su. Na farkon ne baƙo, domin babu shi cikin baƙaƙen Hausa. P a ajiye mota. R a koma baya. N ba giya. D a yi gaba. Wanda ya zo aji ba ya rikita R da D.

Otomatik tana da daɗin koyo. A cikin yashi kuma takan taimaki sabon direba ƙwarai. Ga dalili. In direba ya taka kuloci don ya canja giya, ƙarfin inji yakan yanke daga ƙafafu na ɗan lokaci. A kan kwalta ba kome. A cikin yashi kuwa nan da nan mota ta rage gudu, ta kafe. Sai direba ya yi ta ba ta wuta, ƙafarsa rabi a kan kuloci, har kulocin ya ƙone, a ji ƙauri. Otomatik ba ta yanke ƙarfi haka.

To, amma ku yi tunanin ranar da mota ta ƙi tashi. Batir ya yi sanyi, gari ya yi nisa, ga mai naƙuda a baya. Mai giyar hannu sai a sa ta a giya ta biyu, samari su tura, direba ya saki kuloci, ta kama, in dai batirin bai mutu murus ba. Otomatik ko duk ƙauyen ya fito ya tura, ba za ta tashi ba. Sai an samo wani batir.

Jan ta ma da igiya akwai haɗari. Inji ne ke juya famfon da ke zagaya mai cikin giyarta. In inji ba ya aiki, aka ja ta tafiya mai nisa, giyar sai ta ci kanta. Sai dai a ɗora ta a kan babbar mota, ko makaniki ya kwance furofela tukuna.

Sa'an nan ga gyara. Canja kuloci aiki ne da makanikan garuruwanmu suka saba da shi. Cikin otomatik kuwa ba kowa ke iya buɗewa ba, kayanta da tsada, man da take sha kuma nata ne dabam. A zuba mata wani iri, an jawo asara. Batun shan mai, dā otomatik ta fi, amma a sababbin motoci bambancin ya ragu.

Ni a ganina, ƙauyen da ke nesa da babban gari ya sayi mai giyar hannu, ya nemi direban da ya san yashi. Wanda ke kusa da birni, yana da makanikin da ya san otomatik, ba laifi ya saye ta.

Yawanci ba sabuwa za ku saya ba, 'yar Kwatano ce. Ku tafi da makanikinku, ba na dillali ba. In otomatik ce, ya duba man giya. Galibi ja ne garau. In ya yi baƙi yana ƙauri, ko ya yi kamar an zuba masa madara, watau ruwa ya shiga, ku bar ta. In mai giyar hannu ce, a hau tudu da ita da kaya. In inji yana ƙara mota ba ta ƙara gudu, kuloci ya cinye, sai a rage kuɗinsa daga ciniki. Kowace ce, a sa ta a jan ƙafa huɗu a kan ƙasa, ku gani da idonku tana shiga, tana fita.

Aiki: Ku rubuta baƙaƙen nan huɗu a allo, da ma'anar kowane. Sa'an nan ku rubuta nisan ƙauyenku da garin da makaniki yake.