Ciwon Fuka: Asalinsa da Hanyar Lallaɓa Shi

Duk shekara, idan sanyin hunturu ya kankama, hazo ya lulluɓe gari har rana ta koma kamar farin wata, sai iyaye mata su riƙa zuwa neman magani da 'ya'yansu a goye ko a riƙe, kowacce da magana iri guda, cewa yaro yakan wuni lafiya ƙalau, amma da zarar dare ya raba sai tari ya tashe shi, ƙirjinsa ya riƙa kuka kamar usur, har a jingina shi da bango a zauna jiran asuba. Wannan shi ne ciwon da muke kira fuka, Larabawa suka kira rabwu, likitocin zamani kuma suke cewa asma. Kuma bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, mutum miliyan 262 ke ɗauke da shi a shekarar 2019, ya kuma yi ajalin wajen 455,000, galibinsu a ƙasashen da magani ke wuyar samu.

Haƙiƙar al'amarin, wadda rashin saninta ke jawo mafi yawan musiba, ita ce hanyoyin iska na cikin huhun mai fuka a kumbure suke kullum, ko da a ranar da yake wasa da dariya, ta yadda in ƙura ko hayaƙi ko sanyi ko mura suka taɓa su, sai naman da ke kewaye da su ya tsuke, majina ta taru, numfashi ya rasa mafita. Saboda haka maganin shaƙa iri biyu ne. Shuɗin nan, salbutamol, yana buɗe hanya cikin mintuna kaɗan, amma ba ya taɓa kumburin ko kaɗan; na biyun kuwa, irin su beclometasone, wanda sau da yawa ruwan ƙasa ne, shi ke kwantar da kumburin sannu a hankali, da sharaɗin a shaƙe shi kowace rana, a kurkure baki bayansa, ko da ana cikin ƙoshin lafiya. Babu abin da ke sosa mini rai kamar jin an ce kada a ba yaro abin shaƙa don kada ya saba, alhali kuwa ba ya sa sabo, sai dai ya ɗora ɗan ƙanƙanin magani daidai inda cutar take. Wanda ya ga yana bukatar shuɗin fiye da sau biyu a mako, lalle ya koma wurin likita.

Yadda ake shaƙar ma ilimi ne. Likitocin yara a Afirka ta Kudu sun jarraba gorar ruwa ta roba mai cin rabin lita, suka iske tana isar da magani huhu kamar bututun musamman na shaƙar magani da ake saye da tsada: a huda gindinta daidai bakin abin shaƙar, a cusa shi ya zauna ɗam, yaro ya kama bakin gorar da leɓɓansa, a fesa sau ɗaya, ya ja numfashi sau biyar kafin a sake.

Amma fa magani ba ya wadatarwa matuƙar sababi yana cikin ɗaki, kuma a nan ne dabarun gida suke da babban rabo. A fitar da murhun itace da kaskon gawayi waje, a sauya maganin sauro na ƙonawa da gidan sauro, a yayyafa ruwa kafin shara, a shanya katifa da bargo a rana, a yaƙi kyankyasai, maigida kuma ya bar shan taba kusa da iyali. Na san barin turaren wuta abu ne mai nauyi ga uwargida, to, sai dai numfashin ɗanta ya fi shi daraja. Zuma da citta a ruwan ɗumi suna sanyaya maƙogwaro su rage tari, ban kuwa hana kowa habbatus sauda ba. Illa dai babu ɗayansu da ke buɗe ƙirjin da ya tsuke, kuma ba a ba jaririn da bai cika shekara ba zuma. A kuma guji sayen ƙwayoyin dexamethasone a kemis ba da umarnin likita ba, domin daɗewa a kansu na kawo hawan jini da ciwon suga da raunin ƙashi; asfirin da ibuprofen ma sukan tayar wa wasu da ciwon.

Idan kuwa ciwon ya taso gadan-gadan, a zaunar da mai shi a miƙe, kada a kwantar, a fesa masa shuɗin ta gora ɗaya bayan ɗaya, minti guda tsakani, har zuwa goma. In ya kasa ƙarasa magana, ko leɓɓansa suka sauya launi, ko haƙarƙarinsa na lotsawa, ko kukan ƙirjin ya ɗauke alhali wahalar na ƙaruwa, to, a nemi abin hawa a nufi asibiti a daren, ana ci gaba da fesawa a hanya.